Ilimin rayuwa da kiwon lafiya a kwaleji da lise: mi ake koya wa ɗiyanmu, mi ya rage ga uwaye

Idan aka ce ilimin rayuwa da kiwon lafiya, ana nufin darussan da ke koya wa ɗan makaranta sanin jikinsa, kare kansa daga cuta, da iya zama da mutane: tsabta, abinci, balaga, haihuwa, illar ƙwayoyi, haƙƙinsa da haƙƙin wasu a kansa. A nan Nijar ba za ka iske darasi guda mai wannan suna cikin jadawalin kwaleji ba, rarraba shi aka yi. Wani kashi yana cikin SVT, wato ilimin halittu da na ƙasa. Wani yana cikin EFS, darasin tattalin gida da zaman iyali. Akwai na tarbiyyar ɗan ƙasa, akwai na motsa jiki da ake kira EPS. A makarantun faranko-arab kuma malamin addini yana taɓo tsarki, haila da hukuncin balaga. Shi ya sa idan uba ya tambayi ɗansa ko ana koya musu kiwon lafiya, yaro yana iya cewa a'a, alhali jiya ma an yi musu darasin sauro.

Wannan bayani mun tsara shi ne domin uwayen da ke ƙauye, da ƴan'uwa da ke cirani Libiya, Aljeriya, Legas, Abijan ko Akara, waɗanda ke aiko da kuɗin karatu amma ba su ga littafin yaron ba ko sau ɗaya.

Shekarun da abin ya shafa

Yaro yakan gama firamare ya shiga aji na farko na kwaleji yana da shekara 12 ko 13. Shekara huɗu ne kafin jarrabawar BEPC, sannan uku a lise kafin bak. To waɗannan shekaru bakwai su ne daidai lokacin balaga. Likitoci sun nuna cewa alamun balaga kan fara wa ɗiya mace tsakanin shekara 8 da 13, namiji kuma tsakanin 9 da 14.

Ga ɗan birni, abin da sauƙi, da yamma gida zai koma. Ɗan ƙauye kuwa, tunda ba kowane gari ke da kwaleji ba, sai a kai shi babban gari a damƙa shi ga mai masauki: wani kawu, wata gwaggo, ko abokin cinikin uba na ranar kasuwa. Akwai masu riƙon amana tsakani da Allah, ba mu hana ba. Amma akwai gidan da yarinya za ta zama ƴar aiki, ta yi ɗibar ruwa da wanke-wanke kafin ta tafi lakwal, ta iso aji tana gyangyaɗi. Jinin al'adarta na farko a gidan mutane zai same ta, uwarta tana can nisan kilomita talatin. Wa za ta tambaya? Wannan matsala ce ta sa gwamnati ta soma gina makarantun kwana na ƴan mata, irin ta Kelle a jahar Damagaram da aka buɗe a 2021. Sai dai har yanzu yawancin ɗiyan ƙauye a hannun masu masauki suke.

Jinin al'ada

Nan ne darasin ya fi amfani, nan ne kuma aka fi jin nauyinsa. Abin da ya kamata kowace ɗaliba ta sani ba shi da yawa. Jinin yakan ɗauki kwana biyu zuwa bakwai. Daga farkon wani zuwa farkon na gaba, ga babbar mace, kwana 21 zuwa 35 ne, amma a shekara biyu na farko yakan yi wasa, ya zo wanga wata ya ƙetare wancan, kuma wannan ba cuta ba ne. Ciwon mara kaɗan ana samunsa. Abin da ke buƙatar zuwa likita shi ne jinin da ya wuce mako yana zuba da yawa, ciwon da ke hana ta tashi, jiri da faɗuwa, ko yarinya ta kai shekara 16 ba ta taɓa gani ba.

Wadda ba ta da kuɗin audugar mata tana iya amfani da ƙyalle mai tsabta, a riƙa canzawa bayan awa huɗu zuwa shida, a wanke da sabulu, a shanya a rana. A rana fa. Da yawa saboda kunya a ƙarƙashin katifa suke ɓoye shi da danshinsa, daga nan ƙaiƙayi da wari ke farawa.

Duk wannan mushe ko madam na iya faɗinsa cikin awa guda. Amma idan makarantar ba ta da makewayi na ƴan mata daban, mai ƙofa da ruwa, yarinya za ta zauna gida kwana uku ko huɗu kowane wata. Ku lissafa a wata tara na shekarar karatu: ya kai wata guda cur na darasi da ya wuce ta, ga jarrabawa ba ta san uzuri ba. A ganina, kwamitin COGES da ƙungiyar uwaye mata ta AME, in za su zaɓi aiki guda a bana, to su duba makewayin nan kafin fentin ofishin darakta.

Jinin da ke fita yana tafiya da ƙarfen jiki, shi ya sa ƙarancin jini ya yi yawa ga ƴan mata. Alamarsa kasala, haki, cikin ido ya yi fari. Zogale, wake, hanta, nama da ganyen miya suna taimakawa. Shayi kuwa, in an sha shi a kan abinci, yana rage abin da jiki zai ɗauka; a jinkirta shi kamar awa guda.

Aure, ciki da abin da doka ta ce

Binciken ƙasa kan al'umma da kiwon lafiya na 2012 ya nuna cewa cikin mata ƴan shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin ɗari an yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Maradi da Damagaram sun fi wannan ma, a Maradi kusan tara cikin goma ne. Ba sai an faɗa mana ba, kowa ya san ajin da aka fara da ƴan mata talatin aka kai BEPC da biyar.

Abin da darasin SVT ke bayyanawa shi ne, ganin jini ba ya nufin ƙugu ya gama girma. Yarinyar da ta ɗauki ciki da ƙuruciya ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda, jijjiga da zubar jini. Idan kan jariri ya tokare kwana biyu ko uku ba a kai ta inda za a yi mata aiki ba, naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa yakan mutu, ya huje. Yoyon fitsari ke nan. Ana gyara shi, akwai cibiyar ƙasa a Yamai, akwai ta Danja kusa da Maradi, amma wadda ta je can ta san abin da ta gani kafin ta isa.

Ta fannin doka, a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da ke cikin karatu da tallafa mata, a 2019 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita. Abin da ya fi muhimmanci a ciki: ɗalibar da aka yi wa aure ko ta samu ciki tana da damar ci gaba da karatunta, ta koma aji bayan ta haihu. Uwaye da yawa ba su san da wannan ba, sai su ɗauka shi ke nan an kore ta. A je a ga darakta, in bai saurara ba a wuce wurin sufeton makarantun sakandare.

Akwai kuma gwajin jini kafin aure, saboda cutar emasi, wadda a Najeriya ake ce wa sikila. Gadonta ake yi daga uwa da uba tare. Mai AS lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da ita ba. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura, kowane ciki aka ce, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba. Ana iya jera uku. Mu da auren zumunci ya yi yawa a cikinmu, wannan lissafi ya kamata ɗan lise ya iya shi kamar yadda ya iya kirga kuɗi. Cibiyar ƙasa mai kula da cutar tana Yamai.

Ƴan maza fa?

Sau da yawa in ana wannan magana sai a manta da su, kamar su ba su balaga. Murya ta buɗe, ƙuraje su fito a fuska, mafarki ya zo, yaro ya rasa wa zai tambaya sai ƴan fadarsu. A fada kuwa, wanda ya fi baki shi ne malami.

Babban abin tsoro a nan shi ne ƙwaya, musamman tramol. Asalinsa maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa, ƙwayar asibiti miligiram 50 ce ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200 ko 225. Yaro yakan fara ne da sunan ƙarfin noma lokacin hutun damina, ko hana barci gab da jarrabawa. Bayan ƴan makonni jiki ya saba, in bai sha ba sai zufa, ciwon gaɓoɓi da faɗa da kowa. In ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Alamun da uwaye za su lura da su: rama, rashin cin abinci, barcin rana, kuɗi na ɓacewa a ɗaka, maki na faɗuwa. Duka ba ya fitar da ƙwaya daga jini. Likita ake kai shi, a rage masa sannu a hankali. Shisha ma da ake ganin kamar ƙamshi ce kawai, taba ce, ruwan tulun ba ya tace gubar.

Yaron da ke wanka a tabki ko gulbi ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, wannan tsargiya ce, tsutsa ce ke kawo ta, ba alamar zama namiji ba kamar yadda wasu ke faɗi. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa a makarantu lokacin kamfe.

Cututtukan da ke bin taro

Aji mai ɗalibai tamanin wuri ne da cuta ke saurin yawo. Sanƙarau yana zuwa da rani, lokacin ƙura da zafi. A 2015 ya kama mutum sama da 8,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare: a ranar ake zuwa likita, ba a kwana. Kwalara kuma ta damina ce, jahar Maradi ta sha ta a 2018 da 2021. Ɗalibin kwaleji ya kamata ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari ko cikin duhu: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba maras lafiya ana kan hanyar asibiti. Gidan sauro kuwa, a sa shi cikin kayan yaro tare da tabarma, don masu masauki ba kullum ke da na baƙo ba. Ana kuma koyar da hanyoyin kamuwa da sida: jima'i, jini da kayan yanka ko allura, da uwa zuwa jariri. Ba a ɗaukarta a ƙwaryar fura ko gaisawa.

Inda ake saɓani

Ba kowa ya yarda da waɗannan darussa ba. A 2014 gwamnati ta janye wani darasin lafiyar haihuwa daga makarantun sakandare bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ce ya saɓa wa tarbiyyar ƙasa. Damuwar uwaye a fili take: kada a buɗe wa yara ido, kada a shigo da al'adar wasu da sunan ilimi. Su kuma ma'aikatan lafiya suna cewa su ke karɓar ƴan shekara 15 a ɗakin haihuwa. Abin da na lura shi ne, littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Ahalari da Risala, sun yi bayanin haila da janaba dalla-dalla, ba su ɓoye ba. Gardamar ta fi tsayawa a kan wa zai faɗa, da wane harshe, a wane aji, maza da mata a haɗe ko a rabe.

Sannan ga waya. Yaron da aka hana wa darasi a aji, yana samun wani a TikTok da WhatsApp da tsakar dare. Ƴan'uwa na waje, ku ne kuka fi aiko da manyan wayoyin nan. Ku gaya musu hoton da aka tura ba ya dawowa, kuma tun 2019 Nijar tana da dokar laifukan intanet da ke hukunta mai yaɗa abin da ke ci wa wani mutunci.

Kafin a koma makaranta a watan Oktoba, a je a ga gidan da yaro zai zauna da ido, a san inda zai kwana da wanda zai kwana da shi. Ɗiya mace a haɗa ta da wata babbar mace amintacciya a garin, a sa mata sabulu da audugar mata cikin kayanta ba sai ta roƙa ba. Kulawar kyauta da aka kafa a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara biyar ce da mata masu ciki, ɗan kwaleji ba ya ciki, don haka a ajiye wani abu a hannun mai masauki na zuwa CSI. Mai aiko da kuɗi daga waje kuma ya karɓi lambar wani malamin makarantar, ya riƙa kira ko sau ɗaya a wata.