Gadon launi: me ya sa mage ruwan ƙasa ke wuyar samu, jar akuya kuwa ta cika gari?

A gidajen Gwarzo da Kabo, inda mage ke tsaron rumbu daga ɓarnar ɓera, akwai baƙaƙe da farare da masu zane-zane da masu ruwan goro. Wadda ba a cika gani ba ita ce mage mai launin ruwan ƙasa zalla. Dalilin yana cikin ƙwayoyin gado.

Launin gashin mage yana fitowa ne daga sinadarin melanin, wanda yake iri biyu: mai ba da baƙi, da mai ba da ja ko ruwan goro. Ƙwayar gado mai suna TYRP1 ce ke sa na farko ya yi baƙi wuluk. Idan ta sami sauyi, sai baƙin ya dishe ya koma ruwan ƙasa. Amma wannan sauyi ba ya bayyana sai ɗan mage ya gaje shi daga uwa da uba duka, domin baƙi yana rinjayarsa. Ko da muzuru da macen duk suna ɗauke da shi a ɓoye, ɗaya cikin huɗu ne kawai na 'ya'yansu ake sa ran zai fito ruwan ƙasa. Masu zane-zanen da ido ke gani kamar ruwan ƙasa kuwa, akasarinsu baƙi ne gadonsu, kowane silin gashi ne ke da ratsi mai haske.

Saboda haka launin ba ya yawaita sai da hannun mutum. A Ingila, cikin shekarun 1950, masu kiwo suka riƙa haɗa magen Siyam da baƙaƙe har suka samar da irin da ake kira Havana, wanda har yau bai da yawa.

A ƙasar Hausa, akuya aka yi wa irin wannan zaɓe. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, da 'yar uwarta mai ruwan ƙasa da masana ke dangantawa da Kano, sun yaɗu ne domin fatarsu na da daraja. Ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Nijar ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963, a Najeriya kuma cibiyar NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, tana bincike a kanta.

Iri yana lalacewa idan aka bar barbara kara zube, kowane bunsuru da kowace akuya. Majemun Challawa da Sharaɗa sun dogara da fata mai kyau, matan karkara kuma da akuya suke ajiyar dukiyarsu. Don haka samar da ingantattun bunsuraye da malaman dabbobi a ƙananan hukumomi irin su Gwarzo da Kabo tambaya ce da ta cancanci a yi wa duk mai neman ƙuri'a.