Aku a Gurbin Kaka: Magana Jari Ce da Tarbiyyar Yara a Birnin Kano

A unguwannin cikin ganuwar Kano, irin su Goron Dutse da ke gindin dutsen da ya yi tagwaitaka da Dala, tarbiyyar yaro ta daɗe tana rataye a wuyan mutum biyu: malamin allo, wanda ke koyar da Alƙur'ani da ladabi, da kuma kaka ko wata dattijuwar gida, wadda ke yin tatsuniya bayan sallar isha'i. Tatsuniya, wato ƙagaggen labarin baka irin na Gizo da Ƙoƙi, ba a yin ta da rana bisa al'ada, kuma malamai ba su ɗauke ta a bakin ilimi ba, tunda kowa ya san ƙarya ce aka shirya.

Wannan ra'ayi ne ya zame wa boko matsala, domin tun da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, an yi ta yaye yaran da suka iya karatu amma ba su da abin karantawa na nishaɗi. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta fito da Abubakar Imam da littafinsa Ruwan Bagaja, sannan a 1936 aka ɗauko Imam daga Midil ta Katsina zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku.

Dabarar Imam ita ce ya ɗora aku a gurbin kaka, ya kuma ba labari aikin yi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa, Waziri kuma ya ƙulla makircin halaka yaron da zarar ya fita daga gida, sai aku ya riƙa tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye. Da haka ƙagaggen zance, wanda aka raina, ya ceci ran ɗan sarki, shi kuwa aku ya samu wazirci. A juzu'i na uku Waziri Aku ne ke horar da ɗansa Fasih, yana sa shi ya ciro darasi daga abin da ya ji.

Sai dai wanda ya ɗauki littafin a matsayin wa'azi tsantsa bai karanta shi da kyau ba. Labarin Kalala da Kalalatu, wanda Imam ya sarrafo daga tatsuniyoyin Grimm na Jamus kamar yadda ya ɗebo wasu daga Alfu Laila, ya nuna matar da ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo, ta tsorata baƙon da cewa wuƙar da maigida ke wasawa dominsa ce, ta kuma gaya wa maigidan cewa baƙon ya gudu da kajin. Ta sha lafiya, ba wanda ya hukunta ta. A nan hazaƙar baki ce ta yi nasara, kamar yadda wayon Gizo ke yi a tatsuniya, kuma wannan gado ne Imam ya shigar cikin aji, inda ɗaliban firamare da na sakandare suka yi shekaru suna karanta shi a bugun kamfanin NNPC na Zariya.