Daga Malfar Jaji Zuwa Asusun Karatu



Da kwamitin biki ya ce kowane rukuni ya kawo abin da za a buga don zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mu 'yan ajin yamma na yaƙi da jahilci sai muka ce a ba mu fili. Yawancinmu 'yan kasuwa ne, masu kayan miya da masu awo da masu gwanjo, kuma da yawanmu sai da muka doshi arba'in kafin hannunmu ya saba da biro. Abin da ya sa muka nemi fili shi ne maganar da ta taso a taron da ya wuce. Wasu 'yan'uwa sun kawo shawarar a rufe asusun karatu, wato ɗan abin da ake cirewa daga ribar ƙungiya ana saya wa marayu da 'ya'yan marasa hali kayan makaranta, a mayar da kuɗin cikin jari don rance ya ƙaru. Ba maganar banza suka yi ba. Kowa ta san yadda kwanon masara ya koma, kuma jarin da ya isa bara bana ba ya cika rumfa. Sun kuma ce ai firamare kyauta ce, aikin gwamnati ne. Ba a yanke ba, an ɗaga zuwa taro na gaba. Mu kuwa muka koma aji muka roƙi malamarmu ta bi da mu tarihin wannan al'amari, muka haɗa da abin da muka ji a bakin tsofaffi. Ga abin da muka samo.

Labarin ya fara ne a Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ce ta mai da wannan magana aiki. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi ƙauyuka sun cika da gwauraye da marayu da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu, ba mai koya musu ko da alwala. Nana ba ta ce su zo birni su zauna ba, don ta san ba za su iya ba. Sai ta riƙa zaɓar dattijuwa mai hankali daga kowane yanki ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa da jan rawani don kowa ya san an ba ta amana. Jaji ita ke jagorantar ayari daga ƙauye zuwa gidan Nana, su koyi waƙoƙin da ke ɗauke da karatu, su haddace, su koma su koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Su ne ake kira 'Yan Taru.

Abu biyu a nan suka tsaya mana a rai. Na farko, su wa ke cikin ayarin? Tsofaffin mata ne da 'yan mata ƙanana waɗanda ba a aurar ba, tunda matan aure masu goyo suna gida. Kun ga ke nan yarinyar ƙauye da ubanta ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ta samu hanyar zama gaban babbar malama. Na biyu, ba sa zuwa hannu rabbana. Matan da suka rage a gida su ke haɗa sadaka, wannan hatsi, wannan zuma, wannan man shanu ko ƙyalle, a ɗora wa ayari. Nana kuma ta raba wa mabukata. To, 'yan'uwa, wannan ba shi ne asusun karatu ba? Mudu-mudu aka tara, ba baitulmali aka buɗe ba. Da Nana ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba, kuma har yau akwai masu riƙe da wannan gado a ƙasar Sakkwato.

Da Turawa suka zo, sun daɗe ba su kula da karatun mata ba. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na hukuma a Kano da Katsina, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko. Ɗaliban farko daga gidan sarauta da gidajen hakimai da ma'aikatan En'e aka ɗebo su. 'Yar mai daddawa ba ta cikin lissafi. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya gari-gari, ana buga littattafai da jaridu a Zariya. An samu alheri sosai, amma akasarin masu zuwa aji maza ne. Kakanninmu suna cikin gida suna dakau da kaɗi, 'ya'yansu mata suna yawon talla.

A wannan zamani ne Hajiya Gambo Sawaba ta fito a Zariya. An haife ta a 1933, ta rasu a 2001. Ita ma ba ta yi nisa a makaranta ba, iyayenta sun rasu tana ƙarama, aka aurar da ita tana shekara 13. An fi saninta da siyasar NEPU da ɗaurin da ta sha, amma abin da ya fi shafar maganarmu shi ne gidanta. Ba ya rabuwa da 'ya'yan wasu da take riƙo, ga shi ita ba mai kuɗi ba ce. Ta yi ta faɗa a kan auren wuri da barin 'ya mace ba karatu, don ta ɗanɗana da kanta.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fara shirin firamare kyauta ga kowa, wanda iyayenmu ke kira UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, har ana karatu a gindin bishiya. Da kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1986, sai kyautar ta fara zama ta baki. To, a nan ne tarihin ya iso kanmu, don mu ne yaran wannan lokaci. Da yawanmu an sa mu a firamare, mun san layin safe da ƙarar ƙararrawa. Wata a aji uku aka cire ta, wata a aji huɗu. In ka bi dalili, wallahi ba wani babban abu ba ne. Yunifom ya yage ba a ɗinka wani ba. An ce a kawo kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, babu. An koro ki yau, an koro ki gobe, jibi inna ta ce tunda kina gida ɗauki farantin nan. Shi ke nan. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a raba mu da karatu, ƙananan abubuwa ne suka taru suka yi.

Mu ba ma zargin iyayenmu mata. Uwa tana cikin kulle, ƙafarta a kasuwa ita ce 'yarta. Cinikin ƙosai da ƙuli-ƙuli da shi ake cefane, da shi ake zubin adashen da za a yi wa yarinyar kayan ɗaki. In ta tafi makaranta da safe, wa zai fitar da talla? Duk mai son taimakon ɗan talaka ya yi karatu, in bai san wannan lissafi ba, zai yi ta zuba ruwa a kwando.

Ƙofar da muka samu daga baya ita ma tana da tarihi. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwa har da na matan aure, aikin da ya kai ga samun yabo daga UNESCO. A 1985 kuma mata Musulmi daga sassan ƙasar nan suka taru a Minna suka kafa FOMWAN, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko. Da gudummawar mambobi da taimakon jama'a suka yi ta buɗe makarantu da azuzuwan manya da asibitoci a jihohi da dama. Su ma mata ne suka haɗa hannu, kamar yadda muka haɗa.

Masu cewa karatu kyauta ne suna da hujja a doka. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta ce shekara 9 na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Amma UNICEF ta daɗe tana faɗin cewa yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya sun haura miliyan 10, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ba sai mun je ofis mun ga takarda ba. Ku tsaya bakin rumfa da ƙarfe goma na safe ranar Talata ku ƙirga yaran da ke wucewa da tire a ka. Doka ta ɗauke kuɗin makaranta, amma ba ta ɗinka yunifom, ba ta sayen takalmi da littafin rubutu, ba ta ba da kuɗin tara, ba ta kuma maye wa uwa cinikin safe.

Misali na ƙarshe daga Maiduguri ne. A 2007 wani lauya, Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar marayu da yara 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke sai ya riƙa karɓar marayun kowane ɓangare, ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ya yi kisan a benci ɗaya. Zuwa 2017, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, ɗaliban sun kai 540. Ku duba abin da makarantar ke bayarwa ban da karatu: abinci, da yunifom, da magani. Sannan ya taimaka wa iyayen yaran, matan da suka rasa mazajensu, suka kafa ƙungiyar haɗin kai don su samu sana'a. Da malamarmu ta zo nan sai ajin ya yi tsit, wata daga baya ta ce, “Ashe shi ma ya san lissafin inna.”

To, me tarihin nan ya nuna mana? Sau da yawa hukuma ta buɗe ƙofa, a 1930, a 1976, a 2004, kuma mun gode. Amma kowane karo ɗan marar hali yana tsayawa a bakin ƙofar sai an samu wanda ya biya ƙananan abubuwan nan, ya kuma kama hannunsa ya shiga da shi. Tun zamanin Nana, mata masu ƙaramin ƙarfi suna cikin masu yin wannan.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗa wa kanmu. Asusunmu yana da rauni, kuma masu son a rufe shi sun gani. Mun sha raba yunifom da jaka a farkon zango, a yi hoto, a watse. Bayan wata biyu ka ga yarinyar da aka ba tana tallan awara da rigar makarantar a jikinta. Ba wadda ta je ta tambayi dalili. Kuma a cikinmu masu wannan rubutu akwai waɗanda har yanzu suke ɗora wa 'ya'yansu talla da safe, ba ma ɓoyewa. Mun yi sadakar 'Yan Taru amma mun manta da jaji.

Don haka ga shawararmu ga taro mai zuwa. Kada a rufe asusun karatu. In hali ya matsa a rage yawan yaran, amma wanda aka ɗauka a riƙe shi har ya gama aji shida, ya shiga ƙaramar sakandare. A kowace unguwa a naɗa dattijuwa ɗaya daga cikinmu ta zama jaji. Aikinta ta leƙa makaranta sau ɗaya a wata, ta ga sunan yaron a rajista, ta duba littafinsa, in an yi fashi ta shiga gidan ta ji abin da ya faru tun kafin a saba da zaman gida. Mu 'yan ajin yamma mun ɗauki alkawarin rubuta wannan rahoto da hannunmu, tunda yanzu mun iya. Sannan uwar da ta yarda ta mai da tallan 'yarta bayan an tashi daga makaranta, a sa ta gaba a layin rance, ko a haɗa ta da mai rumfa a cikinmu da za ta riƙa karɓar kayanta sari. Ta haka jari da asusun karatu ba za su zama kishiyoyi ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka kawo shawarar rufewa, ba faɗa muke yi da ku ba, tare muke shan ranar kasuwa. Muna dai roƙo kafin a ɗaga hannu kowa ta tuna shekara nawa ta yi tana dangwala yatsa a takardar da ba ta san abin da ke ciki ba, da ranar da aka cuce ta a rasit ta dawo gida tana kuka. Akwai wadda a ajinmu ta yi shekara da shekaru tana kai wa ɗan maƙwabta wayarta ya karanta mata saƙon banki, asirin jarinta duk a bakin yaro. Kuɗin yadi biyu da ɗinki ne ya jawo mata wannan.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da jajinta da duk waɗanda suka riga mu a wannan hanya.  Sai mun haɗu a taro.

Daga 'yan ajin yamma.