Inda Ake Yanke Shari'ar Direba a Nkembo

Nkembo unguwa ce a gunduma ta biyu ta birnin Libreville. Baƙo idan ya zo, cocin Saint-Michel ake kai shi ya ga ginshiƙanta 31 na katako da aka sassaƙa, mai tari kuma asibitin unguwar yake nema. Mu da muka ci abinci da sitiyari kuwa kasuwar muka sani, da mahaɗar da ke bakinta, inda motocin haya masu launin ja da fari suke cunkushewa tun da asuba. Fasinja ya leƙo ta taga ya faɗi inda za shi da abin da zai biya, direba ya danna ham idan ya yarda, in bai yarda ba ya ja motarsa ko waiwaye babu. Kuɗin mota ma sai an yi cinikinsa a garin nan, balle laifin hanya.

Hausawa ba jiya suka zo Gabon ba. Kakannin wasu sun gangaro ta Kamaru da fatauci tun wajen farkon ƙarni na 20, suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul, jikokinsu ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Mu ne 'yan baya, waɗanda kuɗin man fetur ya kira. A shekarun 1970 aiki ya buɗe ta ko'ina, ana shimfiɗa layin dogo na Transgabonais, ana yi wa Libreville kwaskwarima saboda taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1977, ga ƙasar ba mutane, don ƙidayar 1993 ma miliyan ɗaya da 'yan kai ta samu. Aikin ofis ya wadaci ɗan ƙasa, tuƙin haya ya faɗa hannun baƙi, 'yan Kamaru da Benin da Togo da Mali da Nijar da Najeriya. Ni a ƙarshen shekarun 1980 na iso, wani dattijo mutumin Damagaram ya ba ni ɗaki a bayan kasuwa, ya kuma haɗa ni da mai mota.

Baƙon nan da ke riƙe da sitiyari ya san a kan me yake zaune. A 1978 an kori 'yan Benin dubbai bayan saɓanin da ya shiga tsakanin Omar Bongo da Mathieu Kérékou. A 1981 rikicin wasan ƙwallo ya jawo aka kwashe 'yan Kamaru. A farkon 1995 kuma gwamnati ta ba duk wanda ba shi da takardar zama wa'adi, ya gyara ko ya fita, mutane dubun-dubata suka bi jiragen ruwa. Wannan na gani da idona, maƙwabta suna karyar da katifa da tukunya a bakin hanya don su haɗa kuɗin jirgi. Wanda ya ga haka ba ya son sunansa ya shiga wani littafin hukuma, ko da shi ke da gaskiya. Kotu a wurinsa waje ne da za a fara da maganar wutar baya da ta mutu, a ƙare da maganar takardar zama.

Takardun kuwa ga su nan jibgi a aljihun gaban mota: permi, wato lasin tuƙi, da kart-griz ta mallakar mota, da inshora, da shaidar duba lafiyar mota, da ta harajin sana'a, da lambar ƙofa ta magajin gari, sannan abin kashe gobara da akwatin magani da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Da wuya ka ga motar da komai nata ya cika a rana ɗaya. Idan usur ya tashi, ka gangara gefe, ka bar fasinjoji cikin zafi, ka fito da jakar takardu. Jami'i ya karɓa ya riƙe, ya juya baya yana tsayar da wata motar. Kai kuma ka bi shi kana cewa, "Shef, a yi haƙuri, yanzu na fito, ko kuɗin mai ban haɗa ba." Ba zai tambaye ka komai ba. Kai za ka naɗe dala ɗari ko jaka guda, wato sefa 500 ko 1,000, ka cusa tsakanin permi da kart-griz, ka sake miƙa masa kamar ka manta wata takarda. Mutanen gari suna kiran wannan gaida hular shugaba. Shari'a ta ƙare ke nan, an karanta tuhuma, an roƙi sassauci, an yanke tara, duk kafin fasinjan gaba ya gama tsaki.

Lissafin da ke bayan abin ba ɓoyayye ba ne. Mai mota yana jiran balas ɗinsa da dare, ko ka yi aiki ko ba ka yi ba. Idan ka ce a rubuta maka takarda, za a riƙe permi, wani lokaci a ja motar zuwa ma'ajiyar motocin da aka kama, ka je ka bi layi ka biya tara a baitulmali, ka karɓo rasit, ka dawo neman wanda zai sa hannu. Wuni ya tafi, wataƙila na biyu ma. Bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, kuɗin fasinja na gajeren zango kuma ya daɗe a dala ashirin, sai ƙarancin takardu da lalacewar motoci suka ƙaru, gaisuwar ma ta ƙaru. Direbobi sun sha ajiye aiki a Libreville saboda yawan shingaye, hukuma ta sha yin alkawarin ragewa, a ɗan lafa a koma.

Kada wani ya ce a Gabon muka koyi wannan. Da shi muka zo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ja babbar mota tsakanin Kano da Katsina zamanin dalar gyaɗa, kuma ya ce ba ya tashi daga tasha sai yaron mota ya sayo goro an ƙunshe a ganye, saboda 'yan dokan En'e a cikin gari da 'yan sandan gwamnati a kan hanya. Goro ne na gaske a lokacin, ana miƙawa da hannu biyu ana cewa, "Ranka ya daɗe, ga na hanya." Daga baya sule ya shiga ƙunshin, goron ya fita. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai daga hannun En'e, a ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, a 1973 naira ta maye gurbin fam, amma al'adar ba ta gusa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu direbobi mun fi son jami'in da ake shiryawa da shi, kuma mu ne muke zagin wanda ya ƙi karɓa muna cewa ba shi da mutunci.

A wasu ƙasashen ma ana wannan ciniki, sai dai an ɗauke shi daga bakin kwalta an kai shi gaban alƙali, kuma abin da ya kai shi can shi ne maki, wato lissafin laifin da ake ɗora wa lasin direba. Jamus ta fara lissafa wa direba maki a 1974, a rajistar da ke garin Flensburg. A Ingila wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku za a hana shi tuƙi na aƙalla wata shida, sai dai idan ya tsaya gaban majistare ya nuna cewa hanin zai jefa shi ko waɗanda ke ƙarƙashinsa cikin wahalar da ta wuce misali. A jihohi da yawa na Amurka direba yakan je kotu, shi ko lauyansa, a zauna da mai gabatar da ƙara, a sauke laifin gudu zuwa wani ƙarami marar maki, ya amsa, ya biya. Jihar New Jersey har doka ta yi a shekarar 2000 mai laifin da ba a rubuta masa maki a karo na farko da na biyu, amma ana biyan ƙarin kuɗi mai nauyi. Birnin New York kuwa ya toshe ƙofar, a ofishin da ke sauraron irin waɗannan laifuffuka ba a ciniki, ko dai an same ka da laifi ko an wanke ka.

Faransa, wadda Gabon ta gaji tsarin shari'arta, ta kawo nata tsarin maki a ranar 1 ga Yuli 1992 da maki shida kacal. Direbobin manyan motoci suka toshe hanyoyin ƙasar kwana da kwanaki, kafin shekarar ta ƙare aka mayar da shi 12. A can biyan tara amsa laifi ne, kana biya makin ya fita, alƙali ba shi da ikon yi maka rangwamen maki. Abin da ya rage maka shi ne ka ƙi biya ka ƙalubalanci takardar, ko ka shiga bita ta kwana biyu a mayar maka da maki huɗu. A duk shekarun da na yi ina haya a Libreville ban ga an rage wa kowa maki ba. Wanda aka kama sau ɗari da wanda ba a taɓa kamawa ba, permi ɗinsu iri ɗaya ne, fes.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Akwai wani yaro da muka yi layi ɗaya da shi, kowa ya san ba ya tsayawa a danja, kowa ya san burkinsa sai ya taka sau biyu. An tsayar da shi ba adadi, kullum ya gaisa ya wuce. Ranar da ya buge wata mai sayar da ayaba a gangaren kasuwa, ya karya mata ƙugu, muka bi shi kotu. Alƙali ya tambaya ko an taɓa kama shi da wani laifi, aka duba aka ce babu. Aka yi masa hukuncin mai laifin farko. Muna zaune a bayan ɗakin, mu da muka san komai, ba wanda ya ɗaga kai. Matar ba ta sake ɗaukar tire ba.

Najeriya ta ɗan taka mataki. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a Fabrairun 1988, zamanin Janar Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Jadawalin dokarta ta 2007 ya jera laifi da maki da tara: rashin ɗaura bel maki 2 da naira 2,000, waya a kunne ana tuƙi maki 4 da naira 4,000, tuƙin ganganci maki 10 da naira 50,000, yunƙurin ba jami'i toshiya shi ma maki 10. Kano ta kafa tata hukumar, KAROTA, a 2012. Amma ka shiga tashar Unguwa Uku ka tambayi direba maki nawa ne a kansa, kallonka kawai zai yi. Tarar ya sani, don ita ke fita daga aljihunsa.

Abin da na gani mai ɗan amfani shi ne kotun tafi-da-gidanka. Wani zuwa da na yi gida aka kama ɗan ƙanena da lodi fiye da ƙima, na bi shi. Rumfa ce a gefen titi, da tebur da kujerun roba, majistare a zaune da magatakarda. Aka kira sunansa, aka karanta laifin, aka ce ya aikata ko bai aikata ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Baba, me zan ce?" Na ce ya faɗi gaskiya. Ya amsa, ya ce motar ba tasa ba ce, yana da iyali, a yi masa sassauci. Majistare ya duba takardunsa, ya ga lasinsa da rai, ya yanke masa abin da ya gaza wanda ake tsoro, aka rubuta a littafi, aka ba shi rasit. Roƙon da ya yi bai bambanta da wanda muke yi a Nkembo ba. Amma a gaban jama'a ya yi shi, wanda ya yanke hukuncin ba aljihunsa kuɗin za su shiga ba, kuma sunan yaron ya zauna a rubuce. Na san kotunan nan ma ana kuka da su, ana cewa an mayar da su hanyar tara kuɗin shiga. Duk da haka na fi yarda da cinikin da ya bar shaida a takarda, domin mai sayar da ayaba ma tana da haƙƙi a cikinsa.

Yau sana'ar tana sauya hannu. Tun bayan juyin mulkin 30 ga Agusta 2023 hukuma ta nuna tana son tuƙin haya ya koma wurin 'yan ƙasa, a 2024 ta fito da shirin Taxi Gab tana raba wa matasansu sababbin motoci su biya a hankali. Baƙon da ya rage a sitiyari ido ya fi yawa a kansa fiye da zamaninmu.

Don haka ku samarinmu da ke haya yanzu tsakanin Nkembo da Mont-Bouët da Rio, ku fara da takardar zama, ku sabunta ta kafin ta mutu, don ita ce igiyar da ake jan ku da ita. Ku gyara burki kafin ku sayi rediyo. Malamanmu sun sha gaya mana a masallaci cewa tsinuwar rashawa ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Idan an kama ku da laifin da kuka yi, ku ce a rubuta, ku je ku biya, ku adana rasit ɗin a jakar takardu. Idan ba ku yi ba, ku kira shugabannin ƙungiyarku su raka ku gaban alƙali.