Daga Jar Riga Zuwa Takarda

'Yan'uwa, kun san dogaran Sarkin Damagaram da jajayen rigunansu. To, wannan riga ba ta ado ba ce kawai. A da, ita ce shaidar izini.

Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder ta cika da fatake. Ayarin raƙuma na sauka a Zango da gishirin Bilma da hajar Turabulus. Inda dukiya ta taru kuwa, ɓarawo ba ya nisa. Sarki ya kewaye Birni da ganuwa. Dogarai ke tsaron fada, su ke kamo mai laifi. Ba wanda zai wayi gari ya ce shi dogari ne, sai sarki ya sa masa riga. Da yawansu bayin sarki ne, shi ya sa ya amince musu.

A 1899 Faransawa suka ci Damagaram. Kumandan ya ɗauki nasa masu tsaro da ake kira gardi, ƙarfin dogari ya ragu.

Yau kamfanin gadi sai ya nemi takardar izini wurin gwamnati. Amma tsohon da ke kwana bakin shago a kasuwar Dole, yawanci izininsa bai wuce maganar mai shago ba, sai sanda da tocila.