Harshe Kafin Allura: Zama Likita a Ƙasar Waje

Matasanmu na Isa da Sabon Birni masu koyon Japananci a waya suna yawan tambayata: shin baƙo zai iya zama likita a Japan? Zai iya, amma bari mu ɗan waiwayi tarihi tukuna.

Likitan zamani na farko daga Arewa shi ne Dakta Barau Dikko, haifaffen ƙasar Zazzau a 1912. Sai da ya ƙware a Turanci a King's College ta Legas kafin ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila. Shi ne mai sunan asibitin koyarwar nan na Kaduna.

To su ma Japanawan haka suka faro. A 1774 Sugita Genpaku da abokansa suka fitar da fassarar wani littafin sassan jikin ɗan Adam daga harshen Holan, bayan sun shafe shekara uku suna fama da shi ba ƙamus na kirki. Bayan 1868 kuma suka ɗauko tsarin Jamus, har likitocinsu kan rubuta bayanin majiyyaci da Jamusanci. Ka ga ke nan, kowa da bakin wani ya koyo.

Yau karatun likita a Japan shekara shida ne, sai jarrabawar ƙasa, wadda da Japananci ake yin ta, sannan horon asibiti na shekara biyu da aka wajabta tun 2004. In a wata ƙasa ka yi digirinka, Ma'aikatar Lafiyarsu za ta tantance takardunka, ta nemi shaidar N1, matakin ƙoli na jarrabawar harshensu, ta kuma gwada ko za ka iya duba majiyyaci da Japananci. In ka dawo gida ma, sai ka ci jarrabawar hukumar MDCN kafin a ba ka lasisi.

Ni dai ban ga mugunta a wannan tsauri ba. Tsohuwa a Isa ta ce maka "shawara ke damuna", ai ba nasiha take nema ba, idonta ne ya yi ɗorawa. Likitan da bai ji wannan ba, rai zai salwanta a hannunsa. Su ma Japanawa tsofaffinsu suke karewa.

Don haka mai wannan buri ya riƙe harshen kamar yadda zai riƙe Kimiyya, tun daga sakandare. Sai mun haɗu a shiri na gaba.