Madogarar Tarihin Gaya: Daga Isnadi Zuwa Ɗakin Karatu

Kafa hujja da littafi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kano. A zauren malamai, wanda ya kawo magana sai ya faɗi littafin da ya ciro ta da malamin da ya karantar da shi, har silsilar ta kai ga mawallafi. Wannan shi ne isnadi, kuma da shi ake ba almajiri ijaza.

Tarihin sarakuna bai samu wannan gata ba. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya tsaya a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, kuma ba ya ɗauke da sunan marubucinsa. A cikinsa aka ambaci Agalfati, Sarkin Gaya, a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, aka sake buga fassarar a 1928, daga baya littafin ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Saboda haka ɗalibin Gaya ko Ajingi da ke kare wani ra'ayi kan asalin garinsu, bai isa ya ce "tarihi ya nuna" ba. Dole ya bayyana bugun da ya duba, da shekara, da shafi, domin shekarun sarautar da ake yawan kawowa lissafin Palmer ne. Labarin maƙeran Abagayawa da suka zo Dala daga Gaya neman tama kuwa, tushensa bakin dattawa ne, don haka ake rubuta sunan mai ba da labari, da garinsu, da ranar hira. Tun 1970 Gidan Arewa da ke Kaduna yake adana tsofaffin rubuce-rubuce domin masu bincike.